Aulis, Wanda Ya Kashe Wutar Gwamnati

Duk ƙauyenmu babu wanda ya taɓa kashe wutar gwamnati sai Aulis Karvonen. Ranar yana cikin gyaran ragar kifi ya hango hayaƙi ta wajen gandun daji. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗaura tankin ruwa a bayan tarakta, ya yanki hanya ta cikin fadama, kafin ma'aikatan gandun su zagayo daga ɗaya gefen ya jiƙa komai sharkaf. Ya tsaya yana haki yana jiran godiya.

Sirkka, shugabar ma'aikatan, ta ƙaraso wajensa.

"Baba Aulis, mu muka kunna ta."

Ashe tun bara suke jiran rana irin wannan, busasshiya, babu iska. Wai akwai ƙwarin da ba sa yin ƙwai sai a ƙonannen itace, kuma akwai tsiron da ba ya fitowa sai wuta ta share ƙasa. Aulis ya ce to. Ya juya taraktarsa.

Mutum ne da ya tsufa a ƙungiyar 'yan sa kai ta kashe gobara. Ko kyandir ya gani a coci sai ya matsa kusa da shi. Sau biyu yana kashe gobarar da ta kama sauna, wato ɗakin wankan tururi, na maƙwabcinsa Pentti, wanda yakan cika murhu da itace ya koma kallon ƙwallo.

To Pentti ɗin ne ya fi kowa baki. A teburin shan kofi na gidan mai, inda dattawa ke zama kullum da safe, ya laƙaba masa suna Maƙiyin Ƙwaro. Aulis ya daina zuwa. Duk lokacin sanyi a kicin ya sha kofinsa, matarsa Helmi tana zagaye shi da tsintsiya.

"Ka koma wajen abokanka, malam. Kicin ɗin nan ba ya ɗaukar mutum biyu."

Da ƙanƙara ta narke, daji ya bushe, ya je wajen Sirkka da hula a hannu, ya ce a ba shi ya kunna wutar gandun ta bana da kansa. Ta ba shi tulun mai, ta kuma karɓe makullin taraktar ta sa a aljihu. Ya bi layi yana ɗiga wuta. Sau ɗaya aka ga ya taka wani harshen wuta da takalmi, Sirkka ta yi tari, ya janye ƙafa.

Washegari ya shiga gidan mai, gira a babbake, ya ja kujerarsa ya zauna.

"A'a, jama'a, ku ɓoye ashana!" in ji Pentti. "Tsohon mai kashe gobara ya koma ƙona daji."

Aulis ya kurɓi kofi, ya ajiye.

"Ni tawa da izini na kunna, kuma ƙwari sun zo. Kai da ka ƙona sauna sau biyu, ban da ni wa ya zo?"