Goron Ɗaurin Aure a Filin Besbol

Zan iya manta ranar da muka sauka a Amurka, amma makon da goron maigidana ya kusa rusa ƙungiyar besbol guda a Greensboro, wannan kam har in mutu yana raina. Yanzu in na ga goro a faranti dariya nake yi. A lokacin kuwa kuka na sha.

Ɗanmu ne ke buga besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya make ta da sanda ya ruga a guje. Shi ne mai jifa a wata ƙungiyar matasa, kuma ana yabon hannunsa, har wani koci daga kwaleji ya yi alkawarin zuwa wasan ƙarshe ya gan shi. In ya burge shi, karatu kyauta ke nan. Babansa kuwa bai taɓa gane kan wasan ba. Yakan zauna cikin 'yan kallo da babbar rigarsa, ya tafa in mun ci, ya tafa in an ci mu. In na zungure shi sai ya ce ai duk 'ya'yan mutane ne.

A shekarar ba abin da ake ji a labarai sai an dakatar da wane, an dakatar da wane, manyan 'yan wasa, saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Masu shirya gasar yaranmu suka tsorata, suka kafa doka: duk ɗan wasan da aka ga yana sha ko tauna abin da ba a sani ba, a dakatar da shi har a bincika. Ban ko sa abin a raina ba, yaron da ko shayi mai kauri ba ya sha.

Ana cikin haka muka aurar da babbar 'yarmu. Aka raba goro a masallaci, aka kai wa maƙwabta a unguwarmu ta Glenwood, aka kai wa ƙawayena 'yan Jos da ke coci, duk da haka ya ragu. Ranar wasan kusa da na ƙarshe sai na ga maigidan nawa, Alhaji, yana ɗura shi a leda.

“Alhaji, ina kuma za a kai wannan?”

“Abokan yaron nan mana. A ɗaura auren yayarsu ba su ci goro ba? Me za a ce da mu?”

“Amurkawa ne fa, me suka sani game da goro?”

“To ai shi ya sa,” in ji shi.

Ina kallo daga wurin zamana ya tsaya a bakin rumfar 'yan wasa yana miƙa wa kowa ɗaya, yana sa musu albarka da Hausa. Yaran suka karɓa suka gatsa. Ban taɓa ganin fuskoki sun tsuke lokaci guda haka ba. Wani dogo har hawaye ya yi, amma ba wanda ya tofar. Suka shiga fili da haƙora jajir, kuma kamar da gangan, suka yi wa abokan karawarsu kaca-kaca. Kocin waɗancan ya kai ƙara tun kafin mu isa mota. Washegari aka dakatar da duk wanda ya tauna, wato kusan ƙungiyar gaba ɗaya. Waɗanda suka tsira su ne ɗanmu da masu zaman jiran canji a benci, su ma don goron bai kai kansu ba ne.

Gidanmu ya yi tsit. Iyayen yara na ta bugo waya, kocinmu na neman 'yan wasa kamar mai neman aron gishiri. Ɗanmu ya daina cin abinci tare da mu. Da babansa ya yi masa magana, da Turanci ya amsa, ya ce ya kashe masa rayuwa. Na ga yadda maganar ta soki Alhaji, ni ma ta soke ni.

Aka kira mu tare da yaran gaban kwamitin gasar, a wani katafaren gida a unguwar Irving Park. Na ja wa Alhaji kunne tun a mota, na ce haƙuri kawai za mu bayar. Ya ce to. Muna shiga ya zura hannu a aljihu, ya fito da ragowar goron, ya ajiye gaban shugabar kwamitin da hannu biyu. A wurinsa ba a zuwa neman afuwa hannu rabbana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugabar, wata tsohuwa mai farin gashi, ta tambayi dogon nan mai hawaye me ya sa ya ci abin da bai sani ba. Ya ce ɗanmu ne ya raɗa musu cewa a wurinmu wanda ake ɗauka ɗan gida shi ake ba wannan, kuma mayar da kyautar babba cin fuska ne. Ya ce gara ɗacin da a kunyata baban abokinsu. Alhaji ya juya ya kalli ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta ce ita dai sai ta ɗanɗana. Ta gatsa, ta runtse ido, ta daɗe ba ta dawo hayyacinta ba. Wani ɗan kwamitin ya duba a waya ya ce abin bai wuce gahawar da ke gabansu ƙarfi ba. Da ta samu bakin magana sai ta ce duk yaron da ya haɗiye wannan ya riga ya sha hukuncinsa. Aka ɗage dakatarwar, da sharaɗin kada goro ya sake tsallake shingen fili.

An ci mu a wasan ƙarshe, don duk makon ba a yi atisaye ba. Amma kocin kwalejin ya ga abin da ya zo gani, ya ɗauki ɗanmu. Bayan an tashi yaron ya zo ta shinge, ya miƙo hannu ta cikin wayar shingen, ya ce da Hausarsa mai gargada, “Baba, ni ba ka ba ni nawa ba.” Alhaji ya ɓara ɗaya, ya miƙa masa rabi.

Abin da na koya shi ne, alheri ma a ƙasar wasu sai ka tambayi ƙofar da zai bi ya shiga. Na kuma koyi cewa yaron da nake zaton ya bar al'adarmu a baya, shi ne ya sa ƙungiya guda ta haɗiye ɗaci don kada babansa ya ji kunya.