An Yi Min Ruƙiyya Saboda Jamusanci

Jama'a, yau saura ƙiris a cire min aljanin da ba ni da shi!

Kun san ranar Asabar zan yi jarabawar baka ta Jamusanci, ta neman koyon kanikanci a ƙasar Jamusawa. Malaminmu ya ce sai ina magana da ƙarfi bakina zai saba. To ina zan samo Bajamushe a Tarauni? Sai na toshe kunne da waya, ina tuƙa adaidaita ina maimaita darasin da nake saurare.

Na ɗauki wata Hajiya da ƙanwarta a Gyaɗi-Gyaɗi. Ina tsaka da kakarin maƙogwaro, kawai na ji tofi a ƙeya! Wallahi har cikin riga!

Ƙanwar ta ce, "Yaya, sun hau shi! Kuma ba na ƙasar nan ba ne!"

Hajiya ta cakumi wuyan rigata tana Ayatul Kursiyyu. Na taka birki. Mutane suka taru. Wani tsoho mai shayi ya matse min babban yatsa. "Faɗi sunanka ka fita!"

Na ce, "Baba, Sadi ne, karatu nake!"

Ya ce, "Duk haka suke cewa."

Labari ya riga ni zuwa wajen Alhaji mai keken. Ya ce, "Sadi, kana kore min fasinja. Ko keke, ko yaren nan."

Na ce, "Alhaji, keke naka ne, baki nawa ne." Na damƙa masa makulli.

Yanzu haka a ƙafa nake takawa Darmanawa, ina ta Jamusancina, muryata ta fi ta ɗazu ƙarfi. Duk mai keken haya da ke son direba, ya neme ni bayan jarabawa. Kafin nan, ba na jin Hausa!