Gerona da Tattabarun Makka

Har yau matan unguwarmu ta Tandabawi cewa suke na jefi tattabarar Harami da takalmi. Ƙarya ne. Muciya ce, kuma ban ma kai ga jifa ba. Amma ranar nan ba zan taɓa manta ta ba.

Shekarata ta biyu ke nan a Makka, a gidan Gwaggo, ƙanwar babana. Ba wanda ya gaya mini garin ba shi da kaka. Zafi ne, sai kuma zafin da ya ɗan sassauta. A gida kuwa war haka ana ta ɗanyar gyaɗa da rake da kiɗan kalankuwa, ga tumu, sabon gero a gasa shi da zangarniyarsa, a murje, a watsa a baki. Da na ba 'yar Gwaggo labari, ita da aka haifa a nan, sai ta taɓe baki ta ce da Larabci, "Tumu? Esh hada?" Wai mene ne shi.

Abin ya ƙona mini rai. Na sa wata mai zuwa Umra ta kawo mini iri, na shuka a tsofaffin bokitan fenti a saman bene. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki nake tarawa ina ba shi. Wata uku ina hawa ina sauka. Da gero ya yi ido, bakina ya ƙi rufuwa, na gayyaci matan layinmu kaf, su zo cin tumu ranar Juma'a.

Alhamis da safe na hau, na tarar an riga ni buɗe biki. Tattabaru ne, manya-manya, kowace ta hau zangarniya tana aiki. Na sauko na suri muciya, na koma da gudu. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji Gwaggo a bayana tana haki.

"Ke, ya binti, haram alaiki. A cikin iyakar Harami kike, ba a firgita su."

"Gwaggo, gerona suke ci."

"Baƙin Allah ne."

"To ni baƙuwar wa?"

"Ajiye muciyar nan kafin in saɓa miki."

Na ajiye. Haka na shiga tsakaninsu a hankali da almakashi, ina ce wa ɓarayina "gafara dai, sannunku da aiki." Zangarniya biyar na tsira da ita.

Ranar Juma'a mata suka cika falo. Na gasa biyar ɗin a kan gas, kowa ta samu abin da bai rufe tafin hannu ba. 'Yar Gwaggo ta tauna, ta tauna, ta ce, "Wallahi wannan abincin tattabaru ne. A leda ake sayar da shi a bakin titi." Aka kwashe da dariya. Ina shirin ba ta amsa sai Gwaggo ta miƙa hannu ta kwashe ragowar nata.

"Kawo nan, tunda ba ki san abin duniya ba. Rabona da shi tun ina budurwa."

Ta cinye, har da lasar hannu, matar da ta hana ni kare shi jiya.

Abin da na koya shi ne, a garin da ba a taɓa ɓarawo, tun kafin ya zo ake rufe kaya. Baɗi zan sake shuka, in lulluɓe bokitan da gidan sauro. Na tambaya, an ce babu laifi. Gayyata kuwa mutum ɗaya zan yi wa, Gwaggo, ita ma sai ta yarda za ta riƙa hawa da ruwa.