Ranar da Aka So Sayar da Saniyata

Shekarun baya, tun Bature bai tafi ba, aka yi zama a zauren gidanmu can wajen Ba'awa saboda saniyata. Akwai wan mijina, shi ne mai gandu. Akwai mijina a gefe, yana ta tsinkar bakin tabarma. Uwarsu na zaune a bakin ƙofa, ga mai unguwa da ya zo tunin haraji, ga Bafulatanin da na ba kiwo. Ni kuwa ina bayan zana da muciya a hannu, ba wanda ya kira ni.

Ga abin da ya jawo zaman. An sayar da gyaɗar gandu, wadda da kuɗinta ake fid da harajin mazan gida. Wan mijina ya tafi Kano, ya dawo da keke sabo fil, har da ƙararrawa. Haraji ya zo, aljihu wayam. Kowa ya san wanda bai biya ba, a rana ake shanya shi ƙofar dagaci, yara na kallo. Sai aka tuna ina da saniya.

Saniyar nan ba daga sama ta faɗo ba. Kaɗi na yi na sayi kaza, kaji suka zama akuya, awaki suka zama karsana. Mata na sayen sabon zane, ni ina ƙara wa tsoho faci, har ana ce mini marowaciya. A lokacin tana ɗauke da cikin fari.

Na ji wan mijina yana cewa, "Ai saniyar gida ce. Karan gonar gandu take ci duk rani."

Na ce daga bayan zana, "Yaya, ta ci muku kara, ta bar muku taki. Wannan kun biya juna."

Uwarsu ta ce, "Ke, mace ba ta sa baki a zancen zaure."

"Inna, in an fid da saniyata daga zauren, ni ma sai in koma kan tuwona."

Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a tambayi mai kiwo. Duk shekara in an zo ƙidayar shanu, wa ke biyan jangalinta?"

Bafulatanin ya gyara sanda, ya ce, "Ita. Bara ma nan na fara zuwa, mai gandu ya ce shi bai san zancen ba, in je wajen mai ita."



Na ce, "To Yaya, ranar jangali tawa ce, ranar haraji kuma ta zama ta gida?"

Ya ce, "Yanzu sai ki bari a shanya mijinki a rana?"

Mijina kam ba shi da alhaki, noma ya yi kamar jaki. Amma na ce, "Ba ni na ci kuɗin gyaɗa ba. In ta haihu, nono na gida ne, kowa ya dama fura. Uwar kuwa ba a taɓa ta. Wanda ya dafa iri, me zai shuka?"

Mai unguwa ya tashi, ya ce shi haraji aka aiko shi, ba rabon shanu ba, yana jira zuwa ranar kasuwa. Da zai fita ya tsaya kan keken da ke jingine, ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya ce, "Wannan ma ai dukiya ce."

Na koma na tarar tuwo ya kama. Haka aka ci shi da ƙauri. Mijina dai ya ce na kunyata yayansa gaban baƙi. Na ce yayansa ya hau kunyar da ƙafa biyu tun daga Kano.

Ban taɓa zama gaban allo ba, amma na san uwar kuɗi daban, riba daban. Riba ake ci. Na kuma san wanda ya ɗauki nauyin dukiya ranar biya, shi ne mai ita ranar sayarwa. Har yau dangin mijina na cewa ina da taurin kai. Da nonon jikokin saniyar nan aka yaye 'ya'yansu.

Washegari na daka kanwa, na ƙulle a tsumma, na kama hanyar ruga. A bakin rafi na cim ma wan mijina yana tura keke zuwa kasuwa, bai hau ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na wuce na ba saniyata kanwarta.