Nu'man Tela, Wanda Aka Zaunar Ba a Tambayi Matarsa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi 19 ga Janairun 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Nu'man Tela a ɗakinsa da ke Briqueterie, nan Yaoundé. An kai shi washegari. A Gusau, garin da ya haife mu ni da shi, ta waya suka ji.

Nu'man, kai ka tare ni a tasha ranar da na sauka garin nan ban san "bonjour" ba. A shagonka na kwana wata da watanni, a kan tarin yadi. Kana ɗinki kana tsokanata: "Ɗan Gusau, in Faransanci ya gagare ka, ka riƙa murmushi, ba sa cajin wannan." Da mota ta kaɗe ka a hanyar Tsinga, lakarka ta taɓu, ƙafafu suka daina ji, ba ka fasa ba. Kana kwance kana saka maɓalli a rigunan sallar yaran unguwa.

Ba don yabo kawai na ɗauki alƙalami ba. Ana yawo da magana a majalisa cewa matarka Jaratu ta yi sakaci, wai ba ta ɗakin lokacin da ka cika. Gaskiya ne ba ta nan. Amma wa ya fitar da ita?

Likita ya gaya mata tun a asibiti cewa jinin mai irin ciwonka sauka yake yi in an ɗaga shi da sauri. In kuma jinin ya hau har kai ya yi ciwo, a fara duba robar fitsari ko ta toshe, kada a ba ka kowane magani sai nasu. Shekara biyu tana ta da kai a hankali, matashi bayan matashi, tana kallon idonka.

Ranar nan dattawan unguwa suka zo dubiya. Yadda muka saba, maza na sallama mace na ficewa, sai ta koma ɗakin maƙwabciya. Ka ce kanka na ciwo. Alhaji Babba, ɗaya daga cikin dattawan, ya ciro na'urarsa ta awon jini, ya ga jini ya hau, ya miƙo maka ƙwayar magani.

"Tansiyon ce, hawan jini, ɗana. Sha wannan, ni ma shi nake sha."

Ka san bai kamata ba. Amma ina ka taɓa mayar wa dattijo hannu? Ka haɗiye.

Da aka kira la'asar, suka ce a yi jam'i da kai don ka samu lada. Suka ciccibe ka lokaci guda, suka ɗora a keken guragu, suka fuskantar da kai alƙibla, suka ta da kabbara. Kanka ya sunkuya. Wanda ke gefenka ya ɗauka natsuwa ce. Har aka sallame kana zaune a miƙe, alhali abin da kake bukata kawai a kwantar da kai a ɗaga ƙafafunka. Mai wannan sanin tana bayan bango ɗaya, ba wanda ya kira ta.

Ba na cewa Alhaji Babba mugu ne. Shi ya ɗauke ka daga bakin titi ranar haɗarin, jininka a babbar rigarsa. Ajali kuwa na Allah ne, na sani. Amma na gaji da yadda muke kiran ajali in kuskuren na manya ne, mu kira sakaci in an sami mace marar dangi a kusa.

Allah ya jiƙanka, Nu'man, ya sa jinyarka ta zama kaffara, ya tashe ka da ƙafafunka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna mahaifiyarka da ƴan'uwa a Gusau, da ɗiyarka Mu'mina. Ke kuma Jaratu, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki. Ki yi takabarki da kanki a ɗage. Ba ke kika zaunar da shi ba.