Tattabarar Kawu Isufu da filashina

Ina durƙushe gaban tukunyar tattabaru a gidan Kawu Isufu, ƙanin mahaifiyata, a Banikanni. Na naɗe kwali kamar mazurari, na ɗaura a bakin filashin kyamarata don hasken ya taru wuri ɗaya, kan idon tsuntsuwa kawai. A intanet na karanta dabarar, kaina kuwa ya kumbura.

Kawu ya ce, "Ɗana, bar farar nan, tana kan ƙwai. Ɗauki wata."

Kun san bakina. Na ce, "Haba Kawu! Haske ne fa, ba bindiga ba. Ku duk abin da ba ku sani ba sai ku hana!"

Na danna. Farar ta zabura ta yi waje, ƙafarta ta turo ƙwai biyun suka fashe a ƙasa.

Tun daga Djougou Kawu ya taho da farar nan, kyautar amininsa da ya rasu bara, kuma wannan ne kwancinta na farko.

Na jira faɗa, har na tanadi amsa. Sai ya tsuguna yana kwashe ɓawon, ya ce, "To, hoton ya yi kyau?"

Wallahi ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Na kasa nuna masa. Ko "pardon" bai fito ba, na tare zem, wato ɗan acaɓa, na gudu.

Jama'a, gobe zan koma. Yaya ake ba mutumin da bai yi fushi ba haƙuri?