Malafar Anti Ozella

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Anti Ozella Tarver mai dafaffiyar gyaɗa, a gidanta, bayan doguwar jinya. Kafin in ce komai a kanki, Anti, wajibi ne in yaba wa hukumar kurkukun gundumarmu. Mutanen kirki ne. Duk furannin da aka jera a coci ranar jana'izarki, nasu ne suka fi girma. Ga tausayi: don kada iyali su sha wahalar rungumar ɗan'uwansu, sai suka mayar da ziyara ta allon talabijin. Su ne kuma suka riƙa turo ɗan sanda ya tashe ki daga bakin titi, ba don komai ba sai gudun kada rana ta dake ki.

Ni da ke maƙwabtan rumfa ne a kasuwar gwanjo. Ina sayar da tsofaffin tukwane da agogunan da sai an girgiza su suke tuna aikinsu, ke kuma kina lallashin masu cinikina da gyaɗa mai zafi. Ba dangin iya tsakaninmu, ba na baba. Amma da aka kama ƙanena Roscoe bisa zargin fasa kantin taya, ke kika fara zuwa gidana.

Belin da alƙali ya yanka ya fi ƙarfin tukwanena. Mai gabatar da ƙara kuwa ya zo da nasa cinikin: in Roscoe ya amsa laifi ya sa hannu, zai kwana a gida. Ɗan kasuwa ne ni, na san kaya mai araha da ciwo a ciki. Direban babbar mota irin Roscoe, in aka rubuta masa sata, wane kamfani zai sake damƙa masa kaya? Yaron nan bai fasa kantin kowa ba, sai dai zaman jiran shari'a yakan narkar da mutum kamar kitse a rana. Wata Asabar ya kira ni ina rumfa, ya ce ya gaji, zai sa hannu. Kika fizge wayar daga kunnena.

"Roscoe, Anti ce. Ɗakinku na da taga?"

"'Yar tsaga ce, Anti, ko kyanwa ba za ta wuce ba."

"Ba kyanwa zan aiko ba. Gobe da safe ka leƙa titi. Muddin ka ga malafata, akwai mai jiranka, kuma ba za ka sa hannu a abin da ba ka aikata ba. In ka sa, da ludayin gyaɗa zan tarye ka a ƙofa."

Washegari kika ɗauke tukunyarki daga kasuwa kika kafa ta a tsallaken kurkukun, kika ɗora malafar nan taki ta zuwa coci, mai ruwan ɗorawa, mai faɗin faifai. Kowace safiya sai kin ɗaga wa tagar nan hannu kafin ki kunna wuta. Ɗan sanda ya zo ya ce, "Mama, nan ba wurin tsayuwa ba ne." Kika ce, "Ɗana, ba tsayuwa nake ba, sana'a nake. Mai gishiri ko mai yaji?" Mai yaji ya saya. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ciwo ya kama ki har tsayuwa ta gagara, sai kika sa jikarki Loretha ta riƙa kawo miki kujera. Matan da suka zo ziyara aka juya su saboda tsawon siket ko launin riga, a gindin tukunyarki suke share hawaye, kina cusa musu gyaɗa kina gaya musu abin da za su sa gobe.

Ni dai kullum fargabata biyu ce: ko ya sa hannu, ko ki tafi bai fito ba. Allah bai nufi ko ɗaya ba. A ƙarshen Fabrairu wani ya tuna ya duba hoton kyamarar gidan man da ke kusa da kantin, aka ga ɓarawon gajere ne mai teɓa, Roscoe kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Aka kori ƙarar. Daga bakin kurkuku gidanki muka nufa.

A gefen gadonki ya faɗa miki abin da ya ɓoye. Tun farkon kafa tukunyarki aka sauya masa ɗaki zuwa bayan gini, inda tagarsa ke kallon juji. Bai ƙara ganin malafar ba. Wani dattijo mai suna Purvis, wanda ba mai kiransa ba mai ziyartarsa, shi aka sa a tsohuwar tagar. Shi ne kowace safiya zai gaya wa mai rabon abinci, mai rabon abinci ya bi ɗaki-ɗaki da maganar har bayan gini: "Malafa ta fito." Roscoe ya ce ranar da aka kawo masa takardar sa hannu, kalmar nan ta riga lauya isowa.

Kika ce, "Wato duk tsawon lokacin nan wani tsoho nake yi wa kwalliya?"

"Shi ne, Anti."

"Ya fito?"

"Yana ciki har yanzu."

Kika nuna malafar da ke rataye a ƙusa. "To me kake jira? Ɗauki. Kanka ma ya fi nawa tsawo, tsohon zai fi gani."

Kin tafi, Anti, amma mun yi ajiyar zuciya. Kin ga yaron da idonki, sunansa fes, ya koma bakin aikinsa, kuma kafaɗarsa na cikin waɗanda suka ɗauki akwatinki. Ciwon da ya hana ki barci ya ƙare. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya ba ki inuwa mai faɗin da ya fi na malafarki. Loretha da sauran iyalin Tarver, da mawaƙan cocinmu, da matan bakin titin nan, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Yanzu kowace safiya, kafin ya hau mota, Roscoe yana tsayawa a tsallaken kurkukun da malafar a kansa, yana ɗaga wa Purvis hannu. Na ji masu aiko furanni sun kafa sabon allo a wurin, sun hana talla, sun hana ajiye kujera. To, a kundin dokokin gundumar nan, wane sashe ne ya hana ƙaton direba sanya malafar tsohuwa?